Walƙiya a Wayar Ofis

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, siririya, mai gudu ƙwarai. Tana zaune da mahaifiyarta da kakarta da ƙanenta, wanda kowa ke kira Auta. Babanta yana aiki a wani gari mai nisa, sai ƙarshen wata yake zuwa gida.

Mama tana aiki a ma'aikatar ruwa ta gwamnati. Idan bututu ya fashe, ita ake sanarwa, ita kuma ta tura masu gyara. Wayoyinta biyu ne. Akwai ƙaramar wayarta ta gida, mai madannai, wadda ba ta iya komai sai kira. Akwai kuma babbar waya baƙa da ofis ya ba ta. A cikinta akwai taswirar bututun ruwan garin, da lambobin ma'aikata, da saƙonnin aiki.

Baƙar wayar a kan firiji take zama, inda hannun Auta ba ya kaiwa. Mama takan ce ba tata ba ce, amana ce aka ba ta.

Wata rana Auta ya zauna a kan gilashin idon Mama, ya karye. Mai gyara ya ce sai mako mai zuwa. In babu gilashi Mama ba ta ganin ƙananan rubutu. Sai ta riƙa kiran yarinyar ta karanta mata saƙonnin ofis. Da ta gaji da lalube, sai ta faɗa mata lambar sirrin buɗe wayar.

A cikin saƙonnin da yarinyar ta karanta, akwai wata sanarwa. An hana saka manhajojin sada zumunta na kamfanonin ƙasashen waje a wayoyin gwamnati. Duk wanda ya saka, za a hukunta shi.

Yarinyar ta ce, "Mama, me ya sa aka hana?"

Mama ta ce, "Saboda wasu manhajojin ba kallo kawai suke ba mutum ba. Suna kwasar abin da ke cikin waya, su kai inda ba mu sani ba."

Kaka tana gefe tana ɗinke rigar Auta. Ta ce ita dai abin da ta sani, zumunta a ƙafa take, ba a waya ba. Duk suka yi dariya, maganar ta wuce.

A makon nan aka yi tseren gudu a makaranta. Yarinyar ta wuce kowa, har da 'yan aji shida. Daga ranar 'yan ajinsu suka sa mata suna Walƙiya. Da ta koma gida ta ba da labarin nasararta, amma ba ta faɗi sabon sunan ba. Ta san halin Kaka. Kaka da ke kiranta Hawainiya duk lokacin da aka aike ta, in ta ji wannan suna, ai tsiyar wata guda ta samu.

Yayan wata ƙawarta ya ɗauki tseren a bidiyo, ya saka a wata manhaja da yara ke yayi. Kowa a aji ya gani a wayar gidansu. Wannan ya ce ya ga yadda ta tashi, wancan ya ce ya ga yadda ta waiwaya tana dariya.

Ƙawarta ta ce, "Kowa ya gan ki, ke kaɗai ce ba ki ga kanki ba."

Maganar ta zauna mata a rai. Ta kwana da ita, ta tashi da ita.

Ranar Asabar da rana Mama ta shiga maƙwabta duba marar lafiya, ta tafi da Auta. Kaka kuma barci ya ɗauke ta a kan kujera. Yarinyar ta dubi saman firiji. Ta tuna da sanarwar da ta karanta da bakinta. Sai zuciyarta ta ce mata, "Sau ɗaya kawai. Kina gani, sai ki goge. Wa zai sani?"

Ta jawo kujerar tsuguno, ta hau, ta ɗauko wayar. Ta buɗe ta, ta sauke manhajar.

Manhajar ta nemi suna. Ta rubuta Walƙiya. Daga nan ta shiga yi mata tambayoyi. Ta yarda a ga lambobin da ke cikin wayar? Ta yarda a ga hotuna? Ta yarda a san inda take? Yarinyar ba ta tsaya karantawa da kyau ba. Kunnenta na ƙofa, idonta na kan Kaka. Duk abin da ya fito, sai ta danna "Na yarda".

Ta ga bidiyon. Ga ta nan kuwa, ƙafafunta kamar ba sa taɓa ƙasa. Ta kalla, ta sake kallo. Sannan ta goge manhajar, ta share fuskar wayar da bakin rigarta, ta mayar da ita daidai inda take. Har ta yi ajiyar zuciya. A ganinta magana ta ƙare.

Ranar Litinin da yamma Mama ta dawo daga aiki a makare. Ba ta cire takalmi a bakin ƙofa ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a falo da jakarta a cinya. Saman firiji ya zauna babu komai.

Kaka ta tambaye ta ko lafiya. Mama ta ce an karɓe wayar ofis. Wai tun ranar Asabar duk wanda lambarsa ke cikin wayar ya samu saƙon gayyata daga wata manhaja da aka hana. Masu gyaran bututu sun samu, direbobi sun samu, har Darakta ya samu.

Mama ta ce, "Saƙon cewa yake yi, ‘Walƙiya na gayyatarka.' Duk ofis tambaya ɗaya ake yi. Wane ne Walƙiya?"

Yarinyar tana ɗauke da kofin ruwa za ta kawo wa Mama. Ruwan ya zuba mata a ƙafa. Ba wanda ya kula.

Mama ta ci gaba da bayani. Masu kula da tsaron na'urori sun ce ɗayan biyu ne. Ko dai ita ta saka manhajar tana ɓoyewa, ko kuma wani ɓarawon intanet ya shiga wayar daga nesa. Jibi Laraba za ta tsaya gaban Darakta ta yi bayani. Idan ba su gamsu ba, za a dakatar da ita daga aiki.

"Na ce musu ban saka ba," in ji Mama. "Sun saurare ni, amma na ga idanunsu. Shekara da shekaru ina wurin nan, ba a taɓa yi mini irin wannan kallon ba."

Kaka ta yi ta la'antar wannan Walƙiya, ko wane ne shi. Ta ce Allah ya tona asirinsa. Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Da aka zuba abinci, ta kasa ci. Ta yi ta juya cokali a kwano.

Kaka ta ce, "Yau kuma Hawainiya har a wurin cin abinci? Ko kin bar mini rabonki ne?"

Kullum in Kaka ta tsokane ta, takan rama. Ranar ko murmushi ba ta yi ba.

Washegari a makaranta abin ya ƙara yi mata nauyi. Tun daga bakin ƙofa yara ke kiranta Walƙiya. Sunan da jiya yake mata daɗi, yau duk wanda ya kira sai gabanta ya faɗi. A aji aka yi lissafi, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Da aka fita tara, 'yan aji shida suka zo neman a sake tsere. Ta ce ƙafarta na ciwo, ta koma aji ta zauna ita kaɗai.

Malamarsu tana ciki tana duba littattafai. Ta ɗaga kai ta dube ta, ta ci gaba da aikinta. Can sai yarinyar ta matso kusa da teburin.

"Malama, ina da tambaya."

"Ina jin ki."

"Idan mutum ya saka abu a waya, kuma ya goge shi, ai shi ke nan ya tafi, ko?"

Malama ta ajiye jan bironta. Ta ce, "A ce kin buɗe wa baƙo ƙofar gidanku. Ya shiga ɗaki, ya buɗe akwatuna, ya cika aljihunsa. Daga baya kika kore shi, kika rufe ƙofa. Baƙon ya tafi. Abin da ke aljihunsa fa?"

Yarinyar ta ce a hankali, "Ya tafi da shi."

"To, haka wasu manhajoji suke."

Yarinyar ta murza bakin rigarta. Sannan ta tambaya ko laifi ne mutum ya yi shiru, tunda ba wanda ya tambaye shi. Ai bai yi ƙarya ba.

Malama ta daɗe tana kallonta. Ba ta ce wa ya yi ba, ba ta ce me aka yi ba.

Ta ce, "Akwai wanda ake tuhuma da abin?"

Yarinyar ta gyaɗa kai.

"To, shiru ma magana ce. Idan shirunki zai sa a hukunta wanda bai ji ba bai gani ba, wannan shirun ƙarya ne. Bambancinsa da ƙarya kawai, ba a jin sautinsa."

Aka buga ƙararrawa. Yara suka shigo da hayaniya. Malama ta dafa kafaɗarta, ta ce mata faɗar gaskiya tana da wuya yau, amma gobe ta fi wuya.

A hanyar gida yarinyar ta shirya abin da za ta faɗa. Ta maimaita shi a bakin titi, ta maimaita shi a gaban shagon mai burodi. Amma tana shiga gida, duk kalmomin suka gudu.

Mama ba ta je aiki ba, an ce ta zauna a gida har gobe. Ta shimfiɗa bargo a kan tebur tana goge kayan da za ta sa. Tana guga tana gwada wa Kaka abin da za ta ce a gaban Darakta.

"Zan ce musu waya a kan firiji take kwana. Mu huɗu ne a gidan. Uwata ba ta san inda ake kunna ta ba. Auta bai kai ba. 'Yata kuwa, ita ce ma ta karanta mini dokar. Yarinyar da na sani ba ta taɓa abin da aka hana ta. A kan wannan ko rantsuwa suka ce in yi, zan yi."

Ta juyo ta yi wa yarinyar murmushi. Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta wuce ta ajiye jakar makaranta, ta tsaya a bayan ƙofar ɗaki.

Ana cikin haka sai aka ji murya daga waje. Ƙawarta ce ta zo su tafi wasa.

"Walƙiya! Walƙiya, fito mana!"

Hannun Mama ya tsaya cak a kan rigar. Ta ɗaga kai.

"Wa ake kira?"

Kaka ta ce, "Yaran unguwa ne da wasanninsu. Ke yanzu ko hadari aka yi, sai ki ce da ke ake."

Mama ta girgiza kai, ta ce gaskiya ne, sunan ne ya shiga mata kunne. Ta mayar da idonta kan guga.

Yarinyar tana jin su daga bayan ƙofa. Hanya ta buɗe mata. Tana iya fita da gudu, ta toshe bakin ƙawarta, ba wanda zai sani. Ta dubi ƙofar waje. Ta dubi bayan Mama, da rigar da take gogewa domin ta je ta rantse a kan 'yarta.

Ta fito tsakiyar falo.

"Mama, ni ake kira."

Mama ba ta juyo nan da nan ba. Sai da ta cire wayar dutsen guga daga bango, ta jingine shi, sannan ta juyo.

"Me kika ce?"

"Ni ce Walƙiya. A makaranta aka sa mini. Ni na saka manhajar, ranar Asabar. Na so in ga bidiyon tseren ne. Na goge, na ɗauka ya tafi."

Hawaye suka ƙwace mata. Kaka ta leƙa waje ta ce wa ƙawar ta dawo wani lokaci. Ta dawo ta zauna.

Mama ta zauna a kujera. Ba ta ɗaga murya ba. Yarinyar ta so a ce faɗa aka yi mata, da ya fi sauƙi.

Can Mama ta ce, "Kin san abin da ya fi ba ni tsoro? Ba wayar ba ce. Da gobe na tsaya gaban mutane na rantse a kan abin da ba haka yake ba."

"Ki yafe mini, Mama."

"Kin yi laifi biyu. Kin taɓa abin da kika san an hana, kuma kin bar ni kwana guda cikin duhu. Amma kin faɗa da bakinki, alhali kina da hanyar tsira. Wannan na gani."

Kaka ta gyara zama. Ta ce to ai magana ta zo da sauƙi. Gobe sai a ce musu yarinya ce ta yi ƙuruciya, a rufe zancen a nan. Ba sai an faɗi yadda ta san lambar sirri ba.

Mama ta ce, "A'a, Inna. Ni na ba ta lambar, kuma an hana mu ba wa kowa. Ba zan sa ta faɗi nata, ni in ɓoye nawa ba."

Da safe Mama ta aika wa Malama cewa yarinyar za ta makara. Suka tafi ofis tare. Yarinyar ba ta taɓa shiga ciki ba. Doguwar baranda ce, da ƙofofi a jere, da tsofaffin bututu an tara a gefe. Duk wanda suka wuce sai ya gaishe da Mama, ya kau da kai da sauri. Yarinyar ta ƙanƙame hannunta.

A ɗakin Darakta akwai dogon tebur. Darakta dattijo ne mai furfura. Kusa da shi wata matashiya ce, jami'ar tsaron na'urori, da kwamfuta a gabanta. Baƙar wayar tana kan teburin.

Mama ta fara da nata laifin. Ta faɗi karyewar gilashi da ba da lambar sirri. Sannan ta dubi yarinyar. Yarinyar ta miƙe tsaye kamar a aji, ta faɗi komai.

Darakta ya cire gilashinsa, ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Ashe ke ce Walƙiya. Mu muna can muna neman ƙaton ɓarawo a bayan teku, ashe ko tsawon teburina bai gama wucewa ba."

Jami'ar ta danne dariya. Ta tambayi yarinyar abubuwan da manhajar ta nema, da abin da ta danna. Ta duba kwamfutarta, ta ce maganar yarinyar ta yi daidai da abin da na'urarsu ta nuna, har lokacin. Ba wanda ya shiga wayar daga waje.

Yarinyar ta tambaya ko taswirar ruwan ta tafi.

Jami'ar ta ce, "Ba ta tafi ba. Tana wani ɓangare mai kulle, manhajar ba ta kai can ba. Amma lambobin ma'aikatanmu da sunayensu sun tafi, kuma ba mu da hanyar dawo da su. Yanzu wani zai iya kiran mai gyaran bututu, ya ce daga ofis ne, ya tambaye shi abin da bai kamata ya sani ba. Ruwan da gari duka ke sha ne a hannunmu. Shi ya sa aka kafa dokar, ba don a hana yara kallo ba."

Ta ce yau za a gargaɗi kowa, kowa kuma zai canza lambar sirrinsa. Da an sani tun ranar Asabar, da an yi hakan tun ranar.

Yarinyar ta ba su haƙuri, ta ce ba za ta ƙara ba.

Darakta ya mayar da gilashinsa. Yarinyar ta riƙe numfashi. Sannan ya ce za a yi wa Mama gargaɗi saboda lambar sirrin, kuma za a goge duk abin da manhajar ta bari a wayar kafin a mayar mata. Amma ba za a dakatar da ita ba.

Ya ce, "Ma'aikaciyar da ta shigo ta fara da nata laifin, ba ni da shakka a kanta. Gobe ki dawo bakin aikinki. Akwai bututu a bayan kasuwa da ke jiranki."

Sai a lokacin yarinyar ta saki numfashi. Da suka fito baranda, ta ji ƙafafunta sun yi sakayau, kamar an sauke mata dutse daga kai.

A bakin ƙofar makaranta Mama ta tsuguna ta gyara mata wuyan riga. Ta ce hukuncinta na gida yana nan: mako biyu ba fita wasa da yamma. Yarinyar ta ce ta yarda, ko wata guda ne.

"To, me kika koya?" in ji Mama.

Yarinyar ta ce, "Kayan amana ba abin wasa ba ne, ko da sau ɗaya. Kada in danna ‘Na yarda' sai na san abin da na yarda da shi. Kuma in na yi kuskure, in faɗa da wuri, kafin ya faɗa kan wani."

Mama ta ce, "Ni ma na koyi nawa. Maza ki shiga, an fara darasi."

Yarinyar ta rungume ta, ta saɓa jakarta, ta shiga makaranta da gudu.